Afdet ɗin Injiniya Ɗahiru

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta layin shagunan da ke jikin masallacin Baba Ladan a Gyaɗi-Gyaɗi, ko bai ga Ɗahiru ba, to ya ji muryarsa. Gyaran kwamfuta yake yi, in ji allon ƙofar shagonsa, wanda shi ya rubuta da hannunsa: INJINIYA ƊAHIRU, LIKITAN KWAMFUTA, KANO DA KEWAYE. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi injiniyancin. In ka matsa da tambaya, sai ya ce ai makarantar ce ma ke aiko masa da gaisuwa.

Abu biyu yake taƙama da su. Na farko, bai taɓa karanta bayanin wata na'ura ba, don a cewarsa wanda ya rubuta bayanin bai kai shi sani ba. Na biyu, saurin hannu a kan liba. Shagunan layin duka janareto ɗaya suke ja, na Baba Ladan, kuma libar da ake juyawa daga janareto zuwa wutar gari tana manne ne a bangon shagon Ɗahiru. Da yara sun kwarma ihun "Nepa!", kafin su rufe baki ya fizge ta, don kada mai ya ƙone a banza. Ko yana cin abinci, ko yana tsakiyar ƙarya, hannun nan ba ya neman izininsa. Matarsa Husaina, wadda ke sayar da zoɓo da kunun aya a firiza a ƙofar shagon, ta ce ranar sunan 'yarsu ma yana riƙe da jaririya aka kawo wuta, Allah ne ya sa kakar yarinyar na kusa.

To, wata safiya Ɗahiru na latsa waya sai ya ci karo da labarin da ya tayar masa da tsimi. Akwai wani ɗan falle a cikin kwamfuta, bai fi biskit ba, ana ce masa SSD, a cikinsa take adana duk abin da aka ba ta. Shi kuma ɗan fallen yana da nasa ɗan hankalin da kamfani ya zuba masa, ana ce masa famwaya, wanda ke koya masa inda zai ajiye abu da inda zai ɗauko. Kamfanin da ya ƙera irin wanda ya cika tsoffin kwamfutocin layin ya ba da sanarwa cewa daga yanzu ya daina aiko wa tsoffin samfura sabuwar famwaya, wato afdet. Duk wani sabon gyara da ƙarin sauri, na sababbin samfura ne.

Ɗahiru ya fito ƙofar shago da waya a sama kamar wanda ya tsinci kunama.

"Jama'a, sun yaye mu! Sun yaye mu ba sallama!"

Madam Nkolika mai kemis ɗin kusa da shi, wadda ta yi shekaru tana nas a asibitin koyarwa kafin ta buɗe shago, ta leƙo ta taga. "Wa ya yaye ka, Injiniya, da gemunka?"

"Kamfani, Madam! Sun ce tsofaffi su mutu da tsufansu. To wallahi ba a Gyaɗi-Gyaɗi ba. Abin da suka hana, ni zan bayar. Zan ɗauko famwayar sabon samfuri in ɗura wa tsoho. Kawo laftof ɗinki mu fara da ita."

"Laftof ɗina lafiyarta lau."

"Lafiyar ce ke yaudararki."

"Mu a asibiti ba ma yi wa mai lafiya tiyata," in ji ta, ta ja tagarta.

"Shi ya sa ba ku ci gaba ba!" Ɗahiru ya faɗa wa tagar.

Kafin hantsi ya je wajen Bashir mai fotokwafi a ƙarshen layi, ya sa an buga masa kyalle mai faɗin zanin gado: BABBAN BIKIN AFDET. KAWO TSOHUWA, KA TAFI DA BUDURWA. Husaina ta karanta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah ya sa kwamfuta yake nufi. Shi kuwa Bashir, ladan aikinsa shi ne a fara da tasa kwamfutar.

Aka kawo ta, mutane suka taru. Ɗahiru ya sauko da famwayar, ya danna. Kwamfuta ta fito da rubutu: wannan ba ta wannan samfurin ba ce.

"Me ta ce?" in ji Bashir.

"Rashin kunya take min. An zuga ta."

Ya sake dannawa, ta maimaita. Ya buga tebur, ta maimaita. Sai ya shiga wani zauren masu gyara a waya, inda kowa injiniya ne kamarsa, ya samo wata manhaja da ke toshe wa na'ura baki ta ɗura mata abu ko tana so ko ba ta so. Ya ɗura. Kwamfuta ta yi shiru, ta mutu, ta farfaɗo. Da aka duba sai ga ta tana iƙirarin ita sabon samfuri ce, kuma wai cikinta ya ninka girmansa har ba a magana.

Wuri ya ɗauki sowa. Bashir ya rungume kwamfutarsa ya tafi yana dariya shi kaɗai. Ɗahiru ya hau benci.

"Kun gani? Abin da Turawa suka ce ba zai yiwu ba! Gobe in kun ga baƙin motoci a layin nan, kada ku firgita, ni suka zo roƙo."

Labari ya bi adaidaita sahu har kasuwar Tarauni, ya faɗa kunnen Tunde mai hoto.

Tunde haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi ta wasu masu rawani, kuma a ranar yana cikin tashin hankali. Makon da ya wuce shi ya ɗauki hotunan bikin 'yar Hajiya Safiya ta Daurawa, kamu da yini da dina, duka. Hotunan suna cikin tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, wadda in ka ce ta buɗe hoto ɗaya sai ka je ka sha shayi ka dawo. Katin kyamara kuwa ya riga ya goge shi ya yi aikin wani suna. Ga Hajiya tun safe tana kira, ta ce bayan La'asar za ta zo da ƙawayenta su zaɓi waɗanda za a sa a albam. Tunde ya naɗe kwamfutar da zani, ya goya ta a adaidaita sai Gyaɗi-Gyaɗi.

"Injiniya, sauri kawai nake so ta yi. Hajiya ba ta iya jira ba."

"Sauri? Kafin ka yi tunanin hoto ta buɗe shi."

"To mu fara kwafe hotunan a wani wuri, ko?"

Ɗahiru ya yi dariya har yana riƙe ciki. "Kwafi! Ka taɓa ganin likita ya ajiye kwafin mara lafiya kafin ya yi masa allura? Kwafi na matsorata ne, Tunde."

Husaina tana ɗaura zoɓo a leda, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Haka ya ce ranar da ya goge katin hotunan bikinmu. Har yau in na ce wa 'yata an yi min biki, sai dai in kafa shaidu."

"Wannan bairos ne."

"Bairos mai gemu."

Tunde ya dubi kwamfutarsa. Sai wayarsa ta yi ƙara, sunan Hajiya ya fito. Ya ce, "Yi kawai, Injiniya."

Aka jona. Ana tsakiyar sauko da famwaya sai datar Ɗahiru ta ƙare. Ya ce kamfanin ne suka gano shi suka toshe masa hanya. Ya juya wajen Husaina ya sassauta murya ya kira ta da uwar gida sarautar mata. Ta ce ba za ta buɗe masa tata datar ba sai ya yi alkawari a gaban jama'a zai wanke mata kuloli. Ya yi alkawarin, ya ce ai injiniya na gaskiya ba ya raina kowane aiki.

Da famwaya ta sauka, da mutum ne mai hankali sai ya danna a wuce wurin. Amma Ɗahiru ya ga taro ya ƙaru, har masu adaidaita sun faka suna kallo. Sai ya sake hawa benci. Ya ba da tarihin kwamfuta tun daga Annabi Nuhu. Ya ba da labarin wani Bature da ya yi kuka a waya yana roƙonsa ya koma ƙasarsu, shi kuwa ya ce tuwon Kano ya riƙe shi. Ya yi bayanin yadda hankalin sabo zai shiga jikin tsoho, tsoho ya miƙe da gudu. Inuwar masallaci ta yi ta tsawo tana rarrafowa, shi bai kula ba. Sai da Tunde ya ja masa ƙafar wando sannan ya sauko, ya yi bismilla da ƙarfi don kowa ya ji, ya danna.

Allon ya yi baƙi, wani ɗan siririn layi kore ya fara tsirowa daga hagu. A samansa rubutu ja, manya-manya. Nkolika, wadda ta kasa daurewa ta fito, ita ta karanta wa jama'a da Hausa.

"Ta ce kada a kashe wuta har sai ta gama. In aka kashe, komai na iya lalacewa."

"Na sani," in ji Ɗahiru. "Ni na koya mata faɗin haka."

"To ka san ƙarfe nawa yanzu?"

Ɗahiru ya waiwaya. Can ya hango Baba Ladan ya fito daga zaure, buta a hannu, yana tafe a hankali wajen janareto.

Ai kowa a layin ya san dokar. Janareton yana jingine ne da bangon masallaci, in yana ruri ko liman ya tsage maƙogwaro ba mai jin kabbara. Saboda haka tun ranar da aka sayo shi, Baba Ladan ke kashe shi kafin ya kira salla, ba ya tayarwa sai an sallame. Mai aski ba ya fara kai in lokaci ya gabato. Tela ba ya ɗora ɗinki. Yaron goye ma ya san da wannan, Ɗahiru ne kawai surutu ya mantar.

Ya dira daga kan benci, ya sha gaban tsohon.

"Allah gafarta Malam! Barka da yamma. Ya jiki? Ya iyali? Ya ƙafar nan?"

"Lafiya. Matsa."

"Baba, wata mas'ala ce ta hana ni sukuni. Idan mutum yana da alwala, sai ya taɓa kwamfutar da ke da bairos, alwalarsa tana nan?"

Baba Ladan ya ajiye buta ya dube shi. "Ɗahiru, tun da ka zo layin nan ko alif ba ka taɓa tambayata ba. Yau ka ga ina sauri ka zama ɗalibi?"

"Neman ilimi ba shi da lokaci, Baba."

"Salla tana da shi. Matsa."

"Husaina, kawo wa Baba zoɓo mai sanyi!"

"Azumi nake."

"To kawo masa kujera!"

Tsoho ya kewaye shi ya miƙa hannu wajen makunni. Ɗahiru ya ga ba sarki sai Allah, ya yi tsalle ya faɗa kan janareton ya rungume shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga Hajji. Bai lura cikinsa a kan salansa mai zafi ya sauka ba. Ƙarar da ya saki ta danne ta janareton. Ya miƙe yana rawa da ƙafa ɗaya, riga ta ƙone ta yi tagar zagaye daidai cibiya, amma duk da haka bai bar gaban makunnin ba.

"Baba, minti kaɗan! Layin ya wuce rabi!"

"Wane layi? Ni sahu na sani."

Nan Tunde ya zo ya zube rub da ciki a gaban tsohon, irin gaisuwar gidansu. "Baba, ka rufa min asiri. Hotunan bikin 'yar Hajiya Safiya ne a ciki, kuma ba su da na biyu."

Hannun Baba Ladan ya tsaya a iska.

"Wace Safiyar? Ta Daurawa?"

"Ita, Baba."

"Wadda ta sa aka sake wa masallacin layinsu fenti don bai dace da get ɗinta ba?"

"Ita ce."

Tsoho ya dubi janareto. Sannan ya ɗauki butarsa. "A bar shi. Yau liman ya ɗaga murya. Allah ya san uzurin bayinsa."

Ya shiga ya kira salla cikin rurin inji, abin da ba a taɓa ji ba a layin. Mutane suka jeru bakin kwata suna alwala suna waiwayen allon kwamfuta. Koren layin nan ya ci gaba da rarrafe, ya kusa bango, saura ɗan abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ɗahiru fa kai ya gama fashewa. Ya jingina da bangon shagonsa, hannu ɗaya dafe da ƙunar ciki, ɗaya yana nuna sama.

"Ku shaida! Na kayar da kamfani da safe, na tsayar da Baba Ladan da yamma! Wa ya taɓa yi? A rubuta a tarihi. Ni Ɗahiru, in na ce wuta ta tsaya, ko uban wa..."

Daga can bakin titi yara suka kwarma: "Nepaaa!"

Wallahi bai sani ba. Ya rantse daga baya, kuma a wannan karon kowa ya yarda da shi. Bakinsa na kan maganar, idonsa na kan jama'a, hannun nan ya tashi shi kaɗai ya koma baya ya fizge liba. Ƙarau!

Fankoki suka ɗan yi sanyi suka ci gaba da juyawa. Firizar Husaina ta yi tari ta ɗauka. Allon kwamfutar Tunde kuwa ya yi ɗif.

Layin ya yi tsit, sai rurin janareto da ba mai jan sa. Wani mai alwala ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ruwa na zuba. Ɗahiru ya juya a hankali ya dubi hannunsa a kan liba, kamar hannun wani ne aka ba shi ajiya.

"Saurin hannu," in ji Husaina. "Kano da kewaye."

Ba a ko gama alwala ba aka sake ɗauke wutar.

Aka mayar da liba, aka kunna kwamfuta. Ta yi ƙyafta-ƙyafta ta fito da rubutu ɗan guntu. Nkolika ta karanta: ta ce ba ta ga wani SSD a jikinta ba.

"Ba ta gan shi ba?" in ji Tunde da wata siririyar murya. "Ga shi nan a ciki! Injiniya, nuna mata!"

"Kwantar da hankalinka. Barci yake. Sabon hankali ya shige shi, dole ya huta."

Ya kwance kwamfutar ya zaro fallen. Ya hura masa iska. Ya goga shi a wando. Ya kara shi a kunne ya ce yana jin numfashinsa. Ya ce zafi ne ya yi masa yawa, ya faki idon Husaina ya tura shi cikin firiza tsakanin ledojin kunun aya. Ta kama shi, ta ce in bai fitar da gawar nan daga cikin sana'arta ba, shi za ta saka a ciki. Da ya fito da shi a jiƙe, sai ya ce yanzu kuma sanyi ya yi yawa, a kawo ɗanyar shinkafa a binne shi.

Ana cikin haka sai ga Bashir mai fotokwafi a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Injiniya! Cikin nan da ka ƙara wa kwamfutata, ba komai a ciki! Duk aikin mutane da na buga ya tafi! Na ajiye sabo, shi ma ta haɗiye!"

"To ai ka ga amfanin babban ciki ke nan," in ji Nkolika.

Aka tayar da salla. Ɗahiru bai taɓa shiga masallaci da sauri irin na ranar ba, har sahun farko. Ana cikin raka'ar ƙarshe ya ji tsayuwar adaidaita a waje, ba ɗaya ba, sannan ƙamshin turare ya shigo ta taga, sannan wata murya da ta fi janareto: "Ina mai hoton? An ce min ya kwaso hotunana ya kawo nan!"

Liman ya sallame. Kowa ya fita. Ɗahiru ya miƙe ya tayar da nafila. Ya sallame ya sake tayar da wata. Yana shirin ta uku Baba Ladan ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗalibi, ga amsar mas'alar da ba ka tambaya ba. Ba a nafila bayan La'asar. Fita."

Hajiya Safiya na zaune a kan bencin da ya yi wa'azi ɗazu, ƙawayenta sun kewaye ta kamar 'yan majalisa. Tunde na tsugune a gefe, ya riga ya faɗi komai. A gabanta ga kwanon shinkafa, fallen SSD ya leƙo daga ciki.

"Kai ne injiniyan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Wato abin da ya faru, a kimiyyance..."

"Bikin 'yata ne a cikin shinkafar nan?"

"Yana ciki, Hajiya. Bai fita ba. Ƙofar ce kawai ta..."

"Ka san daga ina aka kawo leshin da na sa ranar dina? Ka san mata nawa suka taru suka ɗaura min gwaggwaro, har wuyana ya yi kwana biyu ba ya juyawa? Ga Hajiya Ummulkhairi nan," ta nuna wata mai gilashi, "tana Umara aka yi bikin, tun da ta dawo take cewa a nuna mata hoto in da gaske ne. Yanzu me zan nuna mata? Shinkafa?"

"Ni dai ban ce ƙarya ba ne," in ji mai gilashi. "Cewa na yi ban gani ba."

"Kun ji ko! Kun ji irinta!" in ji Hajiya.

"Ranki ya daɗe," in ji Ɗahiru, "laifin kamfani ne. Da sun ci gaba da ba tsofaffi kulawa..."

"Kamfanin ne ya ja liba?" in ji wani daga cikin taro. Aka fashe da dariya har da masu adaidaita.

Hajiya ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta juya ga Tunde. "Kai, ɗan nan. Amarya da ango sun tafi Fatakwal, ba mai dawo min da su. Leshina yana nan, ƙawayena suna nan, rumfa kuwa a waya ake kiranta. Me za a yi?"

Tunde ya share zufa. "Hajiya, hotunan da na yi musu kafin biki suna cikin wayata. Ina da kawunansu ke nan, masu kyau, suna murmushi. In aka sake taruwa aka yi shiga, zan iya ɗora kawunan. Jiki kawai nake nema."

Hajiya ta juyo a hankali ta auna Ɗahiru da ido, daga hula har silifa. "Miƙe tsaye sosai. Juya. Dogo ne siriri kamar taɓarya, sak surukina. An samu jikin ango."

"Hajiya, ni fa injiniya ne..."

"Ranar Asabar kai gangar jiki ne. Saura amarya. Ba zan tsayar da 'yar mutane kusa da wannan ba."

Husaina ta rufe firiza, ta goge hannu a zani. "Ga ni, Hajiya. Ni na riga na saba tsayawa kusa da shi. Kuma ina bin duniya hoton biki."

Ranar Asabar da hantsi aka kafa rumfa a ƙofar gidan Hajiya a Daurawa. Rabin Gyaɗi-Gyaɗi ya zo kallo ba gayyata. Nkolika ta rufe kemis ta zo, bayan ta liƙa wa ango filasta a cibiya. Baba Ladan ya zo da makullin kwaɗon da ya sa wa liba a aljihunsa. Ƙawaye suka sha gwaggwaro, Hajiya Ummulkhairi ma aka ba ta anko ta shiga sahu, ita da ba ta halarci na farkon ba. Husaina ta fito cikin kayan amarya, an yi mata lalle da kwalliya, tana tafe tana rangaji kamar ba ita ke ɗaura zoɓo ba. Ɗahiru kuwa aka zura masa babbar rigar da ango ya bari, mai nauyin buhun siminti, aka tsayar da shi a rana.

Ko a nan bai daddara ba. Ya gyara hula, ya karkata kai, ya buɗe haƙora, yana gaya wa na kusa cewa dama an daɗe ana roƙonsa ya shiga fim.

"Injiniya," in ji Tunde daga bayan kyamara, "ba sai ka wahalar da fuskarka ba. Daga wuya zuwa ƙasa nake ɗauka."

Wasu shaiɗanun yara da suka biyo taron daga Gyaɗi-Gyaɗi suka haɗa baki a bayan rumfa: "Nepaaa!" Hannun ango ya zabura ya nufi gwaggwaron Hajiya. Husaina ta cafke shi a iska, ta danne shi da hannu biyu a ƙirjinta, ta ci gaba da murmushi. Tunde ya ɗauka. Wannan hoton ne daga baya Hajiya ta sa aka yi wa babban firem, duk wanda ya shiga falonta sai ya ce kai, yaran nan suna son juna.

Da aka tashi, Husaina ta ja Tunde gefe, amma ba ta rage murya ba.

"Tunde, in ka gama na Hajiya, ka wanke min guda ɗaya nawa na kaina. Kuma ka ajiye kwafi, ka ji? A wuri uku."

"An gama, Madam. In bar ku yadda kuke?"

Ta waiwaya ta dubi mijinta, yana can ya tare Baba Ladan yana masa bayanin yadda zai sabunta lasifikar masallaci.

"Ni ka bar min kaina," in ji ta. "Nasa kuwa, duk wanda ka samu a wayarka ka ɗora. Ba za a rasa ci gaba ba."